Ba a fafe gora ranar tafiya: nasiha ga matasa masu son nutso a teku

Ƙannena maza da mata, tun ba yau ba Bahaushe ya san tekun Maliya, sai dai daga samansa ya san shi. Mahajjatan da suka taka a ƙasa daga Kano da Katsina da Damagaram, suka ratsa Chadi da Darfur, a Sawakin suke shiga jirgin ruwa su haye zuwa Jidda. Da yawansu sun yi zamansu a Sudan, ga zuri'arsu nan har yau a Fot Sudan da Kasala da Gadarif. Yanzu zamani ya kawo ku. Wani na karatu a Alƙahira, wata na aikin jinya a Jidda, wani kuma yana gida amma ya ga hotunan ƙarƙashin wannan teku a wayarsa, ransa ya biya, ya fara tarin kuɗi. Akwai ma masu hangen nutso a matsayin sana'a, tunda kamfanonin mai da ke aiki a teku suna ɗaukar masu nutso. Ban ɗauki alƙalami don in hana kowa ba. Abin da Allah Ya ajiye a ƙasan ruwan nan ya isa a sha wahala a je a gani.

Ban da murjani da kifaye masu launi iri-iri, akwai tarihi a kwance a can. Kusa da Ras Muhammad, a kudancin Sina, jirgin Ingila mai suna Thistlegorm yana zurfin kimanin mita 30 tun watan Oktoba na 1941 da jiragen yaƙin Jamus suka nutsar da shi, babura da motocin soja har yanzu suna jere a cikinsa. A bakin Fot Sudan akwai Umbria, jirgin Italiya da ma'aikatansa suka nutsar da hannunsu a watan Yuni na 1940 don kada Turawan Ingila su ƙwace bama-baman da ya ɗauko. Gaba kaɗan, a Sha'ab Rumi, Bafaranshen nan Jacques Cousteau ya kafa ɗakuna a ƙarƙashin ruwa a 1963, mutanensa suka zauna a ciki wata guda, kufan wurin kuwa yana nan. Galibin masu zuwa dai Masar suke nufa, Hurgada ko Dahab ko Sharm al-Shaikh, balle bayan yaƙin da ya ɓarke a Sudan a 2023. Shi Cousteau ɗin ne, tare da injiniya Émile Gagnan, suka ƙera na'urar numfashi a 1943, wadda daga gare ta regiletocin nutso na yau suka samo asali.

A doron ƙasa mutum yana numfashi bai ma san yana yi ba. A ƙarƙashin ruwa kuwa kowane numfashi sai ya bi ta cikin ƙarfe da roba kafin ya iso bakinka, kuma wannan ƙarfen da robar, kai ne ka zuba su a jaka tun a gida. Duk sakacin da aka yi a ɗaki daren tafiya, a zurfin mita 20 yake bayyana, inda ba kanti, ba makaniki, ba damar ko da buɗe baki a yi kira. Shi ya sa nake ganin shirya jakar mai nutso wani ɓangare ne na nutson kansa.

Sai an san halin ruwa sannan kayan suke da ma'ana. Duk mita 10 da ka sauka, matsin da ke kan jikinka yana ƙaruwa da kwatankwacin na iskar da muke rayuwa a cikinta. A mita 10 ya ninka biyu, a mita 30 ya ninka huɗu. Ke nan iskar da za ta ishe ka awa ɗaya a saman ruwa, a mita 30 minti 15 za ta yi maka. Iskar da ka shaƙa a ƙasa kuma kumbura take yi yayin da kake haurowa, don haka dokar farko da ake koya wa kowane ɗalibi ita ce kada ya taɓa riƙe numfashi, domin huhu yana iya yagewa ko da a ruwa marar zurfi sosai. Abin da ke cikin tukunyar bayanka ma iska ce irin wadda muke shaƙa, kashi 21 cikin 100 oksijin, kusan sauran duka naitirojin, an tace ta an matse ta har ma'aunin matsi ya kai bar 200. Wannan naitirojin ɗin za mu dawo kansa, don shi ne zai tsara maka ranar komawa gida.

Kafin ka sayi ko igiyar takalmi, je ka ga likita. Na fi nanata wannan gare ku saboda sikila ta yi yawa a cikinmu. Mai ciwon sikila ba ya nutso da tukunya, sanyin ruwa da wahalar jiki da ƙarancin oksijin duk abubuwa ne masu tayar da ciwon, kuma idan ya tashi a ƙasan teku babu mai ceto. Wanda bai san rukunin jininsa ba ya je a gwada shi, ya kai wa likita sakamakon. Haka mai farfaɗiya, da mai asma, da mai ciwon zuciya. A cibiyar nutso za a miƙo maka takarda mai tambayoyin lafiya, kana ganin idan ka ce e za a hana ka shiga bayan ka kashe kuɗin jirgi. Ƙanena, faɗi gaskiya. Ƙaryar da ka yi a takardar nan ba mai cibiyar ka cuta ba.

Bayan likita sai malami. Iya iyo a kogi ko tafki abu ne mai kyau, wanda ya tashi a bakin Gulbin Kabi ko Tafkin Chadi yana da riba, amma iyo daban, nutso da tukunya daban. Ƙungiyoyi irin su PADI da SSI da CMAS suna ba da horo na 'yan kwanaki, a ba ka katin shaida. Katin matakin farko na PADI ya tsaya a mita 18, na gaba ya kai mita 30, iyakar nutson shaƙatawa baki ɗaya kuma mita 40 ce. Cibiyar da ta san abin da take yi ba za ta ba ka tukunya ba sai ta ga katin. Wadda ta ce ba komai, kawo kuɗi kawai, ka juya ka bar ta.

To me za a saya? Na san halin ƙuruciya, ana son a haɗa komai rana ɗaya a ɗauki hoto. Shawarata ita ce a fara da gilashin fuska, domin fuskar kowa daban ce, na haya kuwa fuskoki da yawa sun riga sun miƙar da shi. Ga yadda ake gwada shi a kanti: ka ɗora shi a fuska ba tare da ka sa igiyar ba, ka kawar da gashi daga goshi, ka ja iska kaɗan ta hanci, ka saki hannu. Idan ya manne ya zauna, naka ne. Idan ya faɗo, ko ka ji iska na shiga ta gefen ido, ajiye shi ko da ya fi kowanne kyau. Masu gashin baki su sani cewa ta nan ruwa yake shiga, sai a rage layin da ke ƙarƙashin hanci ko a shafa ɗan man silikon. Sabon gilashi yana zuwa da wani siririn maiƙo daga masana'anta mai sa shi yin hazo, a goge cikinsa da farin man goge baki a ɗauraye, in dai mai ƙera shi bai hana ba. Mai amfani da tabarau na magani zai iya sa a saka masa gilashin da ya dace da idonsa, shi kam wannan ba shi da madadi a ko'ina.

Na biyu agogon nutso, ƙaramar kwamfutar da ake ɗaurawa a hannu. Ita ke lissafin zurfi da lokaci, ta gaya maka minti nawa ya rage kafin naitirojin ya yi wa jikinka yawa, ta yi ƙara idan kana haurowa da gaggawa. Ba a yin karo-karo da ita, domin lissafin jikin mutum ɗaya take riƙe da shi tun daga nutson jiya. Sai rigar roba. Kada zafin Masar ya ruɗe ku, ruwa yana zuƙe ɗumin jiki fiye da iska sau ashirin da wani abu, arewacin tekun Maliya kuma da hunturu yakan sauko kusa da digiri 22. Riga mai kaurin milimita 3 ta isa da bazara, da sanyi sai mai 5. Ƙannena mata, wannan riga tana rufe jiki daga wuya zuwa idon sawu, akwai hular da ke tafiya da ita, ana kuma ɗora sakakkiyar riga a kai idan an hau kwalekwale. Samun taku ta kanku ya fi, kuma ba laifi ba ne ku tambaya tun kafin ku biya ko cibiyar tana da malama mace.

Abu biyu ne ba a ɗauka daga gida: tukunyar iska da ɗamarar dalma. Tukunya ko babu iska a cikinta takan kai kilo 14, jirgin sama kuma ba ya karɓar ta sai an juye iskar an kwance kanta. Kowace cibiya tana da su.

Regileta ita ce zuciyar kayan. Kashi biyu gare ta. Kan farko yana ɗaure a bakin tukunya, yana karya matsin bar 200 ya mayar da shi kusan bar 10. Kan na biyu shi ne a bakinka, yana ba ka iska daidai da matsin ruwan da kake ciki, daidai lokacin da ka ja. Daga kan farko mesa huɗu ke fita: ta bakinka, ta ajiya wadda galibi rawaya ce don abokin tafiya idan iskarsa ta ƙare, ta geji mai nuna saura nawa, da ta hura falmaran ɗin iska da ke daidaita maka nauyi a ruwa. A cikinta akwai ƙananan zobban roba da wayoyi masu lanƙwasa waɗanda gishiri da zafi ke ci a hankali ko da tana ajiye a akwati. Kamfanonin da ke ƙera ta suna cewa a kai ta wurin ƙwararre duk shekara ɗaya ko biyu. Idan ka ga ta gwanjo a intanet da araha, lissafa kuɗin gyara a kai kafin ka yi murna, kuma kada ka shiga ruwa da ita sai ƙwararre ya buɗe ta. Wanda ya kai tasa gyara ya kai da sauran makonni, ya gwada ta a wurin iyo kafin tafiya, domin kuskuren ɗauri a nutson farko bayan gyara yake fitowa. Ku tambayi cibiyar wane irin baki tukwanensu ke da shi. Iri biyu ne, akwai wanda ake murɗa regileta a ciki mai suna DIN, akwai wanda ake maƙala ta a kai a ɗaure da noti. Ɗan ƙarfen da ke haɗa wannan da wancan bai fi cikin tafin hannu ba, amma rashinsa yana iya zaunar da mutum a kwalekwale yana kallon 'yan'uwa suna sauka.

Akwai wata 'yar murfiya baƙa da ke rataye da zare a jikin kan farko. Da ka kwance regileta daga tukunya, ka kama murfiyar, ka goge ta da busasshen tawul har cikin ramin, ka duba ba ɗigon ruwa, sannan ka rufe bakin ka ɗaure. Ɗigo ɗaya na ruwan gishiri da ya shiga ta nan zai zauna a ciki yana cin ƙarfe har wata tafiyar. Idan kana ɗauraye regileta kuma ba ta haɗe da tukunya, kada ka danna maɓallin gaban bakin, nan ma ƙofa kake buɗe wa ruwa. Aikin daƙiƙa goma ne, amma da shi ake gane wanda ya san darajar kayansa.

Yanzu jaka. Ku raba kayan gida biyu, kuma ma'aunin rabon tambaya ɗaya ce: idan babbar jaka ta yi ɓatan kai a wani filin jirgi ta kwana uku ba ta iso ba, me zan iya haya, me kuma ba zan iya ba? Duk wanda ya taɓa tarbar alhazai ya san jaka tana makara. Regileta da agogo da gilashi da kati da littafin da kake rubuta nutsonka da magungunanka, duk a jakar hannu. A naɗe mesoshin a sake, da'ira mai faɗi, ba a lanƙwasa su a gindi inda suka haɗu da ƙarfe, a naɗe fuskar geji da safa mai kauri. Jami'an bincike sukan tsaya idan na'urarsu ta nuna musu ƙarfe da mesa a dunƙule, don haka a sa ta a sama inda za a fito da ita da sauƙi, a yi musu bayani cikin ladabi a nuna kati. Batiran litiyom na ajiya, na kyamara ko na tocila, doka ce su kasance a jakar hannu, a rufe bakinsu da salatif ko a sa kowanne a ledarsa. Tocilar nutso a cire mata batir, domin idan ta kunna kanta a cikin tufafi zafinta yana iya tayar da wuta. Wuƙar nutso kuwa jakar awo za ta shiga, in ba haka ba a ƙofa za ka bar ta.

Babbar jakar ta zama wadda ba ta jan ido, ba mai ɗauke da sunan kamfanin kayan nutso ɓaro-ɓaro ba. A jera faffaɗan takalman iyo a gefe da gefe su tsare abin da ke tsakiya. Falmaran a matse iskar da ke cikinsa tas, a naɗe fikafikansa ciki, a shimfiɗa shi a ƙasa. Rigar roba naɗe ta ake yi kamar yadda ake naɗe tabarma, domin inda aka ninke ta aka danne, layin ba ya tashi, wurin kuma ya daina riƙe ɗumi. Yawancin kamfanonin jirgi kilo 23 suke ba jaka ɗaya, ta hannu kilo 7 ko 8. Auna a gida, ka bar sararin kilo biyu, don kaya masu laima sun fi nauyi a dawowa. Wasu kamfanonin suna ƙara wa kayan wasanni kilo, ka tambaya a rubuto maka kafin ranar.

Kada a manta da ƙaramin gwangwani na kayan gaggawa: igiyar gilashi ta ajiya, igiyar takalmi, robar baki, zobban roba, man silikon. Sai dogon balan-balan mai ruwan lemo da usur. Igiyar ruwa a tekun Maliya tana da ƙarfi, tana iya fito da kai nesa da kwalekwale, kan mutum kuwa a tsakanin taguwar ruwa ba ya ganuwa. Inshora ma kaya ce. Ta tafiya ta yau da kullum sau da yawa ba ta ɗaukar haɗarin nutso, ƙungiya irin DAN ce ke yin wannan, jinya a ɗakin matsin iska kuwa tsada gare ta.

Idan ka isa aka miƙo maka tukunya, kada kunya ta hana ka dubawa. A wuyanta akwai tambarin ranar da aka yi mata gwajin ƙarshe, ka karanta. Duba zoben robar da ke bakinta ko ya tsage. Buɗe ta kaɗan ka sansana, iska mai kyau ba ta da wari. Idan ka ji ƙamshin mai ko hayaƙi, mayar da ita, domin injin da ke cika tukwane idan ya zuƙi hayaƙin janareta guba yake ɗurawa, gubar kuma ƙarfinta ƙaruwa yake yi a zurfi. Haɗa regileta, ka ja numfashi uku idonka na kan geji, allurar kada ta motsa. Ka duba na abokinka, shi ma ya duba naka. Ka hauro da saura bar 50, ka tsaya minti uku a mita 5. Ranar da mura ta toshe maka hanci, hutu ya kama ka, don kunne ba zai daidaita ba. A sha ruwa sosai, kuma a tsara tafiyar ba cikin azumi ba, likitocin nutso suna gargaɗi a kan bushewar jiki.

Shirin komawa ya fi na zuwa wuya, saboda an gaji. A ɗauraye komai da ruwan daɗi, a zuba shi har cikin falmaran a girgiza a juye, a shanya a inuwa, rana tana ƙona roba. Murjani da katantanwa a bar su inda Allah Ya ajiye su, dokar Masar ta hana ɗauka.

Saura naitirojin. Duk lokacin da kake ƙasa, matsi yana tura shi cikin jini da tsoka, kuma ko ka fito yana nan, sai a hankali yake fita ta numfashi. Kwalbar lemo idan aka buɗe ta sannu a hankali iskar fita take yi shiru, idan aka ɓalle ta farat ɗaya sai kumfa. Jirgin sama ɓalle murfi ne, domin matsin da ke cikinsa daidai yake da na kan dutse mai tsayin mita 1,800 zuwa 2,400. Kumfar idan ta taso a gaɓoɓi ciwo ne mai tsanani, idan a laka ko ƙwaƙwalwa ce tana iya shanye jiki. Ƙa'idar DAN ita ce aƙalla awa 12 bayan nutso ɗaya, aƙalla awa 18 bayan nutso da yawa ko na kwanaki a jere. Ni dai awa 24 nake ba ku shawara. Dutse ma haka yake. Daga Dahab da Sharm al-Shaikh ana kwasar baƙi da dare zuwa Dutsen Sina, kowane Musulmi kuma ransa zai so ya je, amma tsayinsa mita 2,285 ne. A je shi kafin a fara nutso, ko bayan an cika wa'adi.

Idan bayan fitowa ka ji ciwon kafaɗa ko gwiwa, ko wani sashe na jiki ya yi sanyi kamar ba naka ba, ko jiri, ko gajiyar da ta wuce misali, kada ka sha fanadol ka kwanta kana cewa gobe zai wuce. Mun taso an koya mana jurewa da ɓoye ciwo, a nan wannan tarbiyya cutarwa take yi. Faɗa wa malaminka nan take a sa maka oksijin, a kira likita. Akwai ɗakunan matsin iska a Hurgada da Dahab da Sharm al-Shaikh, kuma gwargwadon saurin zuwa, gwargwadon samun sauƙi.

Saboda haka tun ranar da za ka sayi tikiti, ɗauki biro ka ƙirga awa 24 baya daga lokacin tashin jirgin dawowa, ka ja layi. Daga wannan layin ba sauran shiga ruwa, ko an ce maka nutson ƙarshe kyauta ne. Ka rubuta wa mahaifanka sunan cibiyar da lambar wayarta da lambar inshorarka, ka nemi albarkarsu kafin ka fita. Allah Ya kai ku lafiya, Ya dawo mana da ku lafiya.